Takabar Inna da Ruwan Garka

Ni ce na buga takardar da ta yanke wa mahaifiyata ruwa. Ranar Asabar ce da hantsi, na danna kamar kullum, na'urar bugawa ta yi ƙarar da ta saba, na zaro takardar ina hamma. Na bi jerin da ido: garka ta ashirin da biyu, sai garka ta ashirin da huɗu. Na koma sama na sake bi da yatsa, a hankali, kamar ƴar firamare. Ta ashirin da uku ba ta ciki, ita ce kuwa garkar Inna.

A lokacin ina aiki a biron ƙungiyar masu garka, wato ofishinsu, can bayan garin Arlit a hanyar Akokan. Sunan ne kawai biro. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da tebur, da benci, da kwamfuta guda wadda tsofaffi ke ce wa "injin takarda". Kafin nan ni mai buga takardu ce a wajen ma'adinai, Baba kuma direban motar ma'aikata. Da kasuwar uranium ta faɗi aka sallame mu a shekara ɗaya, ni da shi. Baba ya koma garka gaba ɗaya, ni kuma aka ɗauke ni a ƙungiya don ni kaɗai ce a unguwar na san inda ake kunna kwamfuta.

Ruwa shi ne duk rigimarmu. Rijiya ɗaya ce mai inji take shayar da garake arba'in da wani abu. Fari ya sa ruwan ya ja ƙasa, injin kuma gazuwal yake sha, wato man dizal, gazuwal ɗin sai ayarin motoci ya taso daga Agadas da rakiyar sojoji, saboda ƴan tawaye na kan hanya. Wani lokaci ayarin ya zo, wani lokaci a yi ta kallon hanya. To, kowace garka tana da awanninta a mako, kuma takardar Asabar ce ke faɗin wa zai sha, yaushe. Dā can da alƙalami ake rubuta ta, har wani sakatare ya riƙa ƙara wa surukinsa rabin awa, aka gano, aka fasa wa mutum kai da fartanya. Tun daga ranar ƙungiya ta yi rantsuwa: abin da injin takarda ya buga shi ne, alƙalami ba ya taɓa takardar, ko na shugaba ne.

Wani anasara ɗan sa-kai ne ya rubuta mana manhajar. Dogo ne siriri, mai yawan atishawa, ya yi shekara biyu tare da mu. Shi ya sa mata wata doka da ƙungiya ta roƙa: mai garka ya zo da kansa farkon kowane wata ya dangwala yatsa a littafin shugaba, ni kuma in shaida wa kwamfuta cewa ya zo. Wanda ya yi wata biyu bai zo ba, manhaja ta cire shi. Dokar ba ta banza ba ce, don mutane da yawa sun bar gari bayan sallama, danginsu na sayar da awanninsu ga mai so. Da hanya ta ƙara lalacewa aka ce baƙi su tafi, anasara ya tattara cikin kwana biyu. Ya bar mana manhajar a rufe, yadda kwamfuta kaɗai ke iya karanta ta, rubutun asalin kuwa ya tafi da shi cikin jakarsa. Ya bar wa shugaba disket ɗaya na ajiya, ɗan faifai mai kwafin manhajar, ni kuma ya bar mini wani littafin Faransanci mai kauri a kan yaren Java, wanda da shi ya yi aikin, ya ce in riƙa dubawa tunda ina da tambaya kamar ɗan sanda.

Baba ya rasu a ƙarshen sanyi, jinyar kwana goma. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Garkar da sunanta take, don ita ta fara share wurin tun ina ƙarama, da itacen rumman da ta taho da shi daga garinsu a Abzin. Daga baya Baba ya dasa lemu bakwai da dabino uku, duk ƙanana, ba su kai shekarun jure ƙishi ba. Na san dokar wata biyu sarai, ba zan ce ban sani ba. Kawai na ɗauka in lokacin ya yi zan yi wa shugaba magana ya ce ba komai, tunda shi ya yi wa Baba salla.

Na ɗauki takardar na same shi a garkarsa yana cire wa albasa ciyawa. Alhaji ne dattijo, mutumin Tawa, gajere mai kaifin ido. Na yi masa bayani ina haki.

"Ɗiyata," in ji shi, "mi kike so in yi? In ɗauki alƙalami?"

"Alhaji, takaba take yi fa. Ba Libiya ta tafi ba. Gidanmu ga shi can, ana hango shi daga nan."

"Na sani. Amma ke ce mai injin takarda, ita ce uwarki. In na buɗe wannan ƙofa yau, gobe mutum goma za su zo kowa da uzurinsa, kuma kowa zai ce ai an yi wa uwar mai inji. In injin ya ba ta da kansa, wallahi ni zan buɗe mata tiyo da hannuna. In bai ba ta ba, ba ni da abin yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa abin da bai kamata yarinya ta ce wa dattijo ba, wai ashe ƙarfe ya fi makwabtaka. Shi kuwa ya ci gaba da cirar ciyawarsa. Na juya na tafi ko sallama babu.

A gida na kawo wa Inna hanya mai sauƙi, har guda biyu. Ta farko, malamin unguwa ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, to ta lulluɓa mu je ta dangwala yatsa mu dawo, minti ashirin. Ta biyu, in ba ta so, in lallaba Alhaji a kawo littafin gida, ni kuma in danna wa kwamfuta cewa ta zo biro. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta saurare ni har na gama. Hausar Inna ta Abzin ce, kowa namiji ne a bakinta, har ni ƴarta "kai" take ce mini.

"Kai za ka rubuta na fita?" in ji ta. "Ubanka bai yi wata uku a ƙasa ba, a rubuta matarsa ta je biro? Ba na fita, kuma ba a rubuta na fita."

"Inna, itatuwan za su mutu! Bazara ce fa."

"Wanda ya ba da su yana gani."

Inna in ta kafe, ko raƙumi ya fi ta sauƙin ja. Na fita tsakar gida na yi ta tsaki ni kaɗai. Saura wata biyu da kwana goma ta fita takaba, kuma a zafin Arlit lemu ƙarami ba ya yin wata ɗaya babu ruwa, balle biyu. Daga ranar na fara ɗaukar ruwa bido biyu, wato jarka, daga famfon unguwa kowace safiya, in ɗora a baro in tura har garka. Bido biyu ga itatuwa goma sha ɗaya ba komai ba ne. Yau in ba waɗannan, gobe waɗancan, tumatir da salati kuwa na sallama su tun ranar farko.

Maganar Alhaji ce ta tsaya mini a rai: in injin ya ba ta da kansa. To me injin ya sani game da garka? Ni abin da nake gani a allo kaɗan ne, suna, lamba, faɗi, da wurin danna "ya zo". Amma na zauna kusa da anasaran nan shekara biyu, na san mutum ne mai fara abu uku ya gama ɗaya. Na ce a raina, Allah kaɗai ya san abin da ya cusa a ciki bai fito da shi fili ba. Ni kuwa tun ina yarinya ba na iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Rediyon Baba sau biyu na kwance, sau biyu na sha duka.

Na janyo littafin nan daga ƙarƙashin tebur, inda yake tokare ƙafar da ta gutsire. Kwana biyu ina fama da shi. Sai na faɗa kan wani babi da ya sa na gyara zama. Ya ce manhaja irin wannan ƙananan akwatuna ne aka haɗa, kowanne a rufe, ba ka ganin cikinsa. Amma masu wannan sana'a suna da al'ada. Duk abin da akwati ke riƙe da shi, in an yarda a tambaye shi, ana yi masa ƙofa mai suna da ya fara da get. In an yarda a canza shi, ana yi masa wata ƙofar mai suna da ya fara da set. Saboda haka ko ba ka da rubutun asali, in ka jera sunayen ƙofofin ka san kayan ɗakin. Ka ga getSurface da setSurface, ka san akwai faɗin fili a ciki, ana iya tambaya, ana iya canzawa. Kuma yaren da kansa yana da wani ɗan kayan aiki da za ka miƙa wa akwati, shi kuma ya bi ƙofofin nan ya haɗa su biyu-biyu ya kawo maka jerin. Littafin ya kira abin introspection. Ni na sa masa suna ɗan leƙe.

Ikon Allah! Na karanta shafin sau uku. Wato abin da anasara ya tafi da shi cikin jaka, rabinsa yana nan a rubuce a jikin ƙofofi, ba wanda ya taɓa tambaya. Har na manta da haushin Alhaji na ɗan lokaci, don daɗin abin kawai.

Akwai misali a littafin, layi kamar ashirin. Na kwafe shi da yatsa biyu, na canza sunan akwatin zuwa na garka, wanda anasara ya kira Jardin. Aikinsa ya faɗi adadin abubuwan da ke ciki, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofar get, ya buga amsar. Biron da rana kamar tanda yake, kwamfutar in ta ji zafi sai ta mutu, don haka na jiƙa buhu na rataya a taga. Na yi kuskuren waƙafi ya fi sau goma. Da ya tashi aiki, ya buga layi shida, sai ya tsaya ya watso mini wani dogon ƙorafi. Na duba, na gane ya isa kan wani abu da ba shi da ƙofar get, ya ƙwanƙwasa bango. Na ce, kai tafi can, ni sauri nake yi. Na ƙara masa layi ɗaya: wanda ba shi da get, tsallake shi. Ya tafi sumul, na buga jerin a takarda ina jin kaina kamar wata injiniya.

Jerin ya burge ni. Ga mai garka, ga faɗi, ga ranar sha, ga awanni. Ga kuma abubuwan da ban taɓa sanin suna ciki ba. Akwai irin ƙasa, yashi ko laka. Akwai adadin itatuwa, wanda a kowace garka sifiri ne don ba a taɓa cikawa ba. Har da nisa daga rijiya, ashe shi ya sa garaken ƙarshe ke samun ƙarin minti goma, abin da aka yi shekara ana zargin mai kula da injin rijiya a kai. Na yi dariya ni kaɗai da na ga wannan. Can ƙasa kuma ga wanda nake nema, actif, wato ko garka tana cikin masu sha. Na Inna ya ce a'a.

Na kwafe komai a wani disket don kada in ɓata na gaske, na ƙirƙiro garkar ƙarya na sa akuyarmu a matsayin mai ita, na fara gwaji a kanta. Da farko na nemi in juya actif ɗin nan ya koma e. Babu hanya. Ana tambayarsa, amma ba shi da set, manhajar ce ke lissafa shi da kanta. Na yi tsaki, amma can cikin raina na ce wannan anasara ya san halinmu. Sai na gwada canza mai garka, in sa sunan wani. Ya karɓa, amma nan take ya jefa garkar ƙarshen layin masu jira, a matsayin sabon shiga, kuma mutum tara ne a layin. Na gwada ranar zuwa ta ƙarshe. Wannan tana da set, tana karɓa lafiya lau, akuya ta samu ruwa. Amma ita ce ainihin ƙaryar da Inna ta hana, na fita daga wurin kamar na taɓa wuta.

Kwana takwas na yi ina zagaye cikin jerin nan. In ƙara awanni, in rage faɗi, in cika adadin itatuwa ko zai ji tausayi. Ba abin da ya motsa. Da safe in tura baro, in ga ganyen lemu ya naɗe kamar sigari, in dawo biro in zauna gaban allo. Bayan la'asar Inna ta tambaye ni, "Yaya rumman?" in ce yana nan. Ba ta tambayar lemu, ni ma ba na faɗa. Asabar ta zagayo na sake buga takardar da babu ashirin da uku, na miƙa wa mai injin rijiya ban dube shi ba.

Mai injin nan Babarbare ne, tsohon makanike a ma'adinai, yana karanta Faransanci da tabarau mai hannu ɗaya. Ba ya yawan magana, amma komai sai ya ƙirga, litar gazuwal, mintin ruwa, har matakan da ke tsakanin rijiya da biro. Ranar Talata ya shigo shan inuwa, ya ɗauki takardar jerina daga kan benci yana fifita da ita. Can ya tsaya ya ƙura mata ido.

"Madam, wannan lissafin naki bai cika ba."

"Wane lissafi kuma? Don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni."

"A sama ya ce sha biyu. Na ƙirga layukan, sha ɗaya ne. Ina ɗayan?"

Na fizge takardar. Sha biyu a sama, da baƙi ƙarara. Na ƙirga, sha ɗaya. Nan take na tuna ƙorafin ranar farko da layin da na ƙara da hannuna. Ni na ce a tsallake shi. Kwana takwas ina neman ƙofa, alhali ni na rataya mata buhu.

Na cire layin, na ce wa ɗan leƙe ya bar neman amsa, ya faɗi sunaye kawai da irin ƙofar da kowanne ke da ita. Na yi kuskure sau biyu. Sai ga shi a layi na bakwai, shi kaɗai, babu get, sai set: setMandataire.

"Mandataire," in ji mai inji ta bayan kafaɗata. "Wakili ke nan. Wanda ka ba izini ya tsaya a madadinka."

Na san kalmar, amma ban san abin da take yi a cikin akwatin ba, kuma tunda ba shi da get ba zan iya tambayarsa ko ya karɓa ba. Sai dai in saka, in duba ko wani abu ya canza a wani wuri. Na koma kan garkar akuya, wadda na bari wata uku ba ta zo ba. Na gwada rubuta suna kawai, ya ƙi, ɗan leƙe ya nuna mini ba suna yake so ba, ɗan ƙungiya mai rajista yake so. Na ba shi mai garka ta ɗaya a matsayin wakili, wanda ya dangwala yatsa a watan. Na tambayi actif. Ya ce e. Na cire wakilin, na sake tambaya, ya ce a'a. Na mayar, ya ce e. Sau biyar na yi haka, mai inji yana tsaye yana cewa "Tabɗi!" duk lokacin da ya juya. Ashe anasara ya yi tunanin mara lafiya da matafiyi, ya gina abin ya gama, wurin dannawa a allo ne kawai bai kai ga yi ba kafin a ce su tafi. Ko kuwa ya manta ne, oho, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba.

Washegari na kawo Alhaji biro. Na fara da ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa, ya ce ya wuce. Na nuna masa akuya tana shiga tana fita. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a gemu.

"Ɗiyata, kada ki ji haushi. Wannan wakili can yana ciki, ko ke kika saka shi jiya?"

Haushi kam na ji. Amma tambayar da mutum arba'in za su yi masa ke nan, gara shi ya fara yi mini. Sai na ce, "Alhaji, ina disket ɗin da anasara ya ba ka?"

Yana gida, cikin akwatin ƙarfe, a naɗe cikin tsumma tare da takardun filinsa. Tun ranar da aka ba shi bai fito da shi ba, ni ban ma taɓa riƙe shi ba. Ya hau bayan kabu-kabu ya je ya ɗauko da kansa, ya kira dattawa biyu daga garakensu su zo shaida. Shi ya zura disket ɗin a ramin da na nuna masa, da bismilla. Ni ina addu'a a raina kada zafi ya riga ya cinye shi. Kwamfuta ta yi ta gurnani, sannan jerin ya fito. Na ja kujerata baya, na naɗe hannuwana, na ce mai inji ya karanta musu. Ya gyara tabarau ya bi layi-layi yana fassarawa, har ya zo na bakwai.

Alhaji ya dubi dattawan, suka gyaɗa kai. Ya ce, "To, injin ya ba ta. Wa za a sa?"

Na ce ni ba ni da rajista, sai ɗan ƙungiya. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Ni na hana, ni zan tsaya. In ta yarda."

Muka tafi gida tare. Ya tsaya a zaure, Inna tana daga ciki bayan labule, ni a tsakani. Ya yi mata gaisuwar rashi kamar yau aka yi, sannan ya faɗa mata abin da ya kawo shi.

"Me za a rubuta?" in ji Inna.

"Za a rubuta kina gida, ni na zo a madadinki," in ji Alhaji.

Inna ta ce, "Wannan gaskiya ne. A rubuta."

Ya dangwala yatsansa a layinta, ya sa aka rubuta "wakili" a gefe. Na shigar a gaban dattawan. Amma takarda sai Asabar, ranar shan garkarmu kuma Talata ce, kuma ba wanda ya ce a karya wannan, ni ma ban roƙa ba. Na ci gaba da tura baro kwana shida. A cikin kwanakin nan lemu uku suka bushe ƙarmas, na karya reshe na ji ya yi ƙas. Da ban tsallake layin nan ba da sun sha ruwa mako guda kafin haka. Na san wannan, kuma har yau in na tuna sai na ji ciwo.

Ranar Talata da sassafe Alhaji ya cika alkawari, shi ya buɗe tiyo da hannunsa. Ruwan ya shigo kwalbati yana tura busassun ganye a gabansa, ƙasa tana sha tana ƙara kamar ana soya abu. Na tuɓe takalma na shiga da fartanyar Baba, ina buɗe wa kowace itaciya hanya, har da matattun, don ban iya wuce su ba. Rumman ya zubar da rabin ganyensa amma yana raye. Dabino uku suna nan, lemu huɗu suna nan. Na yi awa biyu cikin laka har tiyo ya yi tari ya tsaya.

Na dawo gida da takalma a hannu, laka har ƙwauri, ta fara bushewa a hanya. Na tsaya bakin randa na ɗauki buta zan wanke kafin in shiga ɗaki, don Inna ba ta wasa da tabarmarta. Sai na ji muryarta daga ciki.

"Kada ka wanke. Shigo haka."

Na shiga ina taka tabarmar da laka. Ta ce in zauna in miƙe ƙafa. Ta ajiye carbin, ta sa yatsa ta ɓanɓaro lakar da ke tsakanin yatsuna, inda ba ta gama bushewa ba, ta murza ta a tafin hannu, ta kai hanci ta daɗe tana shinshinawa.

"Nawa suka mutu?" in ji ta.

"Lemu uku, Inna. Na bakin shinge."

"Su ya dasa ƙarshe."

Ta rufe hannunta a kan lakar, ta riƙe ƙafata da ɗaya hannun, ta fara kuka. Ni ma na fara.